Yadda ake kafa dish a Sakkwato har iskar damina ta bar shi

Duk magidancin da ya sayo dish a Sakkwato, sama yake fara kallo, alhali bango ne abin dubawa. A Mabera ko Arkilla yawancin gidaje na bulon siminti ne, mai rami a ciki. Gwani yakan ƙwanƙwasa bangon kamar mai zaɓen kankana: inda ya ji amo ya wuce, inda ya ji tauri, kan ginshiƙin kankare ko lintal, nan zai huda, ya cusa fisha, ya ɗaure noti huɗu tamau. Katangar ƙasa irin ta tsofaffin gidajen Kanwuri kuwa, a girmama shekarunta, a kafa ƙarfe a tsakar gida a zuba masa siminti.

Sai lokacin aiki. A watan Afrilu zafin garin yakan haura digiri 40, farantin ƙarfe ya koma tanda. Mai hankali da sassafe yake hawa tsani.

Daga nan sai neman tauraron ɗan'adam, wanda ke nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya. Mai son Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, ya nemi Eutelsat 16A a kudu maso gabas. Mai DStv ya ƙara karkata gabas. Wanda ba shi da kamfas ya leƙa dish ɗin maƙwabci, bayan ya yi sallama, kada a ce gida yake leƙe.

Aikin na mutum uku ne. Maigida na kan tsani yana juya faranti kaɗan-kaɗan, yaro na riƙe da tsanin, uwargida na gaban talabijin tana ba da rahoto: "Malam, ta kawo! A'a, ta ɗauke! Koma baya kaɗan!" Da sigina ta cika, a ɗaure nan take, kafin maigida ya juyo karɓar yabo ya ture farantin da kafaɗa.

Saura waya. A lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango don ruwan sama ya ɗige waje, a naɗe mahaɗarta, a ɗaga ta sama da bakin akuya. Idan hadarin Yuni ya taso da guguwa, hoto zai ɗan daskare, amma farantin na nan daram, yara na jiran shirin Daɗin Kowa ya dawo.