Ta'aziyyar da Muka Kai Kasuwar Maigatari

Mu uku ne muka tashi tare a Gumel, kuma ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallar 2021 kowannenmu ya kai maƙura. Ni malamin makaranta ne, albashina ya ƙare tun kafin uwargida ta gama lissafin kayan miya. Tela ya karɓi ɗinkin da ko aljanu ya ɗauka aiki ba zai gama ba. Direba kuwa ya kwashi adashe ya zuba wa tsohuwar motarsa, ga zubi ya zagayo, masu adashe na sintiri a ƙofar gidansa.

Tela ne ya kawo shawara: mu kashe wayoyi, mu ce wa iyali za mu Gagarawa ta'aziyya, mu je inda ba wanda zai ce mana "kawo". Ranar Alhamis da hantsi muka yi kudu don idon jama'a, muka zagayo ta bayan gari muka miƙi hanyar Maigatari.

Kasuwa ta cika ta batse. A Disambar 2020 aka sake buɗe wannan iyaka bayan rufewar 2019, don haka Buzaye sun gangaro daga Nijar da raƙuma, ga raguna uda da balami, ga tireloli ana loda shanu zuwa kudu, 'yan canji na kaɗa sefa. Muka sami inuwa, muka sa aka dama mana fura, muka aika a kawo tsire. Direba ya miƙe ƙafa ya ce, "Wallahi yau ko Sarkin Gumel bai fi ni hutawa ba."

Bai rufe baki ba wani ƙato ya dafa kafaɗar Tela. Daga Sule Tankarkar yake, ya zo sayar da bijimi. Ya ƙura wa rigar Tela ido, ya shafa wuyanta, ya ce, "Maigida, wannan ba shaddata ba ce?" Tela ya ce gwaji yake yi, don ɗinki mai kyau sai an ga yadda yake shan iska. Nan take ya tuɓe, ya saura daga shi sai singileti.

Ina cikin dariya na ji an yi gyaran murya a bayana. Surukina ne, mutumin Gagarawa, riƙe da igiyar rago. Na cire takalmi na durƙusa, tsinken tsire a hannu.

"Barka da kasuwa, Baba."

"Yauwa, Malam. Ɗazu matar taka ta bugo waya tana kuka, wai an yi rasuwa a garinmu an ɓoye mata. Wa ya rasu?"

Na dubi Direba, Direba ya dubi wani raƙumi. Daga ƙarshe na ce, "Ai Baba, ya ji sauƙi."

Tsoho ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara sauƙi, tunda dai na zo kara, ai ragon layya nake nema. Kafin in haɗiye yawu dillali ya ɓullo, ya kama hannuna yana girgizawa. Wa ya isa ya yi ciniki da surukinsa? Aka yanka kuɗi, na ce na saya, aka ce in biya ƙarshen wata. La'ada kuwa a take aka karɓa, da kuɗin man komawarmu.

Da yamma hadari ya haɗo, mai ya ƙare mana kafin mu hango Gumel. Ni da Tela muna turi cikin ruwa, shi yana rawar sanyi a singileti, rago na zaune a kujerar baya yana cin takardun mota. Muka dubi juna, dariya ta ƙwace mana har muka zube a gefen titi. Rabon da in yi irinta tun kafin in san farashin buhun gero.

Da muka isa gari Tela ya ce nan gaba sai mu tsallaka iyaka, mu tafi Dungas inda ba a san mu ba. Direba ya sosa ƙeya ya ce mu dai sake shawara, don can ma ana bin sa bashi, kuma da sefa.