Wai Babu Motar Tsere a Sanam?

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki. Ku mutanen Yamai masu tafiya gilashi a rufe, da ku na Kano da Kaduna da kuke ganin duk abin da ya wuce Ƙonni daji ne, za ku kalli juna ku ce, "Ji wani wai zai koya mana saita karbirato na tsofaffin motocin tsere, kuma daga Sanam! Me ya haɗa kifi da kaska?" Ku yi dariyarku, amma ku rage ta gobe.

Bari mu fara da tsohuwar nan da kuke wucewa a tasha kuna toshe hanci, Fijo 504, wadda ake ɗora wa buhunan hatsi, a ɗora awaki bisa buhunan, a ɗora mai awakin bisa awakin. Kun san ko wace ce? A 1968 ta fito a Faransa, shekara na zagayowa aka naɗa ta motar shekara ta Turai. A 1975 wani ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya shiga da ita tseren Safari na Kenya, tseren da ke karya motoci ya karya direbobi, ya zo na ɗaya. A shekarar dai ta lashe tseren Bandama na Kodebuwa, ta lashe na Maroko. Yayarta 404, wadda bashe ɗinta ya tsufa yana dakon kasuwannin Kurfai, sau huɗu tana cin Safari: 1963, 1966, 1967 da 1968. Ku na Kaduna ma bai kamata a ji bakinku ba, don a garinku kamfanin ya buɗe masana'anta a 1975, aka yi ta haɗa 504 har bayan shekarar 2000, Faransa ta daɗe da yaye ta. Za ku ce ai ta tseren an yi mata tsimi. An yi mata, ban musa ba. Amma ƙashin bayan ɗaya ne da na wadda ke ɗauke da awakin.

Ga wadda za ta fi yi muku ciwo. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, Thierry Sabine ne ya tara su, wai Dakar za su je ta cikin hamada. Karon farko ke nan na gasar Paris-Dakar. Da suka gangaro daga Agadas cikin Janairun 1979, inda aka danna musu agogo shi ne tsakanin Tawa da Talco, Talcon nan da ke kusa da Filinge. Wato a ƙasarmu suka yi gudun, ku mutanen Yamai kwana kawai suka zo muku. Guda 74 ne suka ga Dakar. Cyril Neveu ya zo gaba bisa babur Yamaha XT500, a motoci Range Rover ce ta yi zarra, sai wata ƴar ficiciyar Renault 4 ta wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau, ta biyo bayanta. Duk ukun da karbirato suke shan mai. To, yanzu an ba ni izinin magana?

Shi karbirato ba wani aljani ba ne. Maƙogwaro ne mai matsattsen wuya. Fistan yana sauka yana zuƙo iska, in ta iso matsatsin sai ta ƙara gudu, gudun ya rage mata nauyi, sai ta tsotso mai daga wani ɗan ƙoƙo ta cikin ƴar hudar tagulla da makanikai ke kira jikler. Wani mutumin Italiya, Venturi, ya bayyana wannan hali na matsattsen bututu tun 1797, ko mafarkin mota ba a yi ba. A cikin ƙoƙon akwai wani abu mai iyo da allurarsa, mai ya cika ya toshe, ya ragu ya buɗe. Ƙa'idar haɗin kuwa kilo 14.7 na iska ne ga kilo 1 na mai. Damun fura ne dai, ruwa ya yi yawa ta tsinke, ya yi kaɗan ta tsaya a wuya. Amma ku yi lissafin da kyau. Litar esansi guda tana neman iska kusan lita 9,000, ganga 45 ke nan ta lita 200, kuma duk ta hancin motar za ta bi. Ku riƙe gangunan nan, za mu dawo kansu.

Na ga hotunan da kuke tura wa juna a WhatsApp. Jaguar E-Type ta 1961, karbirato SU uku a jere suna sheƙi. Ferrari 250 GTO ta 1962, Weber shida, bakuna goma sha biyu kowane da ƙahonsa, suna kallon sama, ba wata matatar iska ta kirki. An sayar da ɗaya a gwanjo a 2018 kan dalar Amurka miliyan 48 da ɗoriya. Sannunku da kallo. Abin da ba ku tambaya ba shi ne a ina ake tuƙa ta. Kwalta ce sumul, a ƙasar da ruwan sama ke kwantar da ƙura kusan kullum, in an gama tsere kuma a kwance injin a duba komai. Mai ita ba ya zuwa cin kasuwar Abala da ita.

Sai yaronmu ya ga hoton. Ya cire filtar iska ya jefa bayan ɗaki, ya ɗauko allurar ɗinki ya ƙwaƙule jikler, ya yanke salansa, ya tada. Kaji suka watse, jarirai suka farka. Ya ce ta ƙara ƙarfi.

Irinsa ba ya daɗewa bai iso inuwar bedi a wani garaji na Filinge ba, kuma abin da ke faruwa a can ya cancanci a tsaya a gani. Yaron ya fito yana kaɗa makulli.

"Baba, wallahi tun da na ɗebe hiltan nan wagga mota take numfashi. Man ne dai take sha da yawa, kuma da safe sai an tura."

Tsohon makanikin garajin bai ce masa ci kanka ba. Ya ce wa ɗan koyo ya miƙo faranti. Ya kwance sukurori ya jera su a kai, ya ɗaga murfin, ya karkata ƙoƙon wajen haske: ga jan laka kwance a gindi. Ya zura yatsa cikin maƙogwaron ya shafo, ya kai kusa da kunnen yaron ya murza. Ƙas-ƙas.

"Ka ji shi, ɗana? Wanga shi ne ƙarfin da ka ƙara."

Ya warware jikler, ya hura shi da baki, ya kanne ido ɗaya ya duba rana ta cikin hudar. Ta tashi daga zagaye, ta yi baki a gefe.

"Wa ya shiga nan da allura?"

Yaron ya hau duban tayoyi. Aka ciro buji, baƙi ƙirin, ya yi tsatsar hayaƙi har yana shafar hannu.

Ku masu cewa ai ɗan faɗaɗawa ne kawai, ga lissafinku. Lambar da ke jikin jikler na Solex ko Weber faɗin hudar ce: 130 na nufin milimita 1.30. Ka mai da ita 1.40, idonka ba zai ga bambanci ba, amma filin da mai ke bi ya ƙaru da kashi 16 cikin 100. Ko da gwamnati ta sauke litar esansi zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, ban ga direban Kurfai da ke da kashi 16 na zubarwa ba. Man da ya yi yawa kuma ba ƙonewa yake ba. Wani ya fita baƙin hayaƙi, wani ya wanke man inji daga bangon silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi.

Wannan ma mai sauƙi ne, jikler ana saye. Gangunan nan 45 su ne babbar magana. Ƙurar da hunturu ke kwasowa garin yashi ce, yashi kuwa ya fi ƙarfen silinda tauri. In ta shiga ta haɗu da man inji ta zama abin wasa wuƙa, kowane hawa da saukar fistan tana cin ringi, tana cin bango, tana cin mazaunin bawul. Ba a wata guda take nuna kanta ba, shi ya sa yaron zai rantse muku babu abin da ya faru. Sai shuɗin hayaƙi ya fara, sai a riƙa ƙara man inji duk kasuwa, sai ranar da za ta kasa hawa tudun da da take hayewa da giya uku. Mutanen Fijo ba wawaye ba ne da suka sa wa 404 da 504 na ƙasashen ƙura tukunyar nan ta tace iska mai mai a gindi. Iska ta shigo ta yi ƙasa, ta yi kwana a kan man, ƙura mai nauyi ta kasa kwanar ta faɗa ciki, sauran kuma ragar ƙarfe ta kama. A wanke, a zuba sabon mai daidai layi, shi ke nan. Muni gare ta, na yarda, ba za a ɗauke ta hoto ba.

Kada ku ce na hana taɓa hancin mota gaba ɗaya. Akwai gyaran da ke biya. Tsofaffin motocin da aka kawo daga Turai da yawa suna da wata ƴar ƙofa a bakin bututun iska, gefe ɗaya na lokacin sanyi, ɗaya na zafi. Na sanyin yana ɗebo iska daga kan bututun hayaƙi mai zafi don kada ƙanƙara ta toshe karbirato. Ƙanƙara, a Sanam! Amma sai ka tarar da mota ta shekara tana shaƙar wannan tururi cikin watan Afrilu don ba wanda ya juya ƙofar. Iska mai zafin digiri 45 ta fi mai 15 sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin goma, jikler kuwa bai san wannan ba, zuba mai kawai yake. Don haka motar da aka saita da sanyin safiyar Janairu halinta daban ne da azahar ɗin bazara. Ɗaga bakin iska sama, nesa da ƙurar taya, irin hancin da kuke gani a gefen Land Cruiser, shi ma gyara ne na masu hankali.

Batun saitin kansa, a nan ne nake son ku cire hula. Baturen Ingila mai SU uku, da duk kuɗinsa, in zai daidaita su sai ya ɗauko guntun tiyo, baki ɗaya a maƙogwaron karbirato, ɗaya a kunnensa, yana sauraren shiii ɗin kowane har su zo daidai. Shi in ya yi, ku ce gwaninta. Tsohon Filinge in ya karkata kai yana juya sukurun haɗi, ku ce canki-canka. Alhali tsarinsa a bayyane yake. Sai inji ya yi zafi. Ya matse sukurun a hankali har motar ta fara tangaɗi, ya sassauta har ta sake tangaɗi ta ɗaya gefen, ya dawo tsakiya inda muryarta ta fi tsayuwa, sannan ya sauke ralanti. Kafin ma ya taɓa sukurun ya riga ya duba buji da lokacin wuta da tazarar bawul, don ya san laifin da ake ɗora wa karbirato mafi yawansa na wuta ne. Ya kuma girgiza sandar totur ya ji ko ta yi lako-lako, don in tana satar iska ta gefe, ko kwana za a yi ana juya sukuru ba za ta zauna ba.

"To ai kai ma faɗa kake, ina hujja?" Madalla, yau kun yi tambaya. Ƙara ba hujja ba ce, jin daɗin mazaunin direba ma ba hujja ba ne. Ka zaɓi hanya ɗaya, kaya ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Ka cika tanki har baki, ka je ka dawo saboda iska tana taimakon gefe ɗaya, ka sake cikawa da kwalbar lita kana ƙirgawa. Ka sa ɗan rakiya ya riƙe agogon waya, a giya uku, daga 40 zuwa 80. Bayan tafiya mai ɗan tsawo ka kashe ka ciro buji: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuwa ka ji tsoro, don ƙarancin mai zafi yake kawowa, yana ƙona bawul, yana huda fistan. Sannan ka canza abu guda tak ka sake. Guda. Wanda ya cire filta ya faɗaɗa jikler ya yanke salansa a rana ɗaya, ko ta ƙara gudun bai san wa zai gode wa ba. Man ma ya zama iri ɗaya, in na ƴan ruwa-ruwa ne a tace shi da ƙyalle, don rabin lakar nan ta gindin ƙoƙo daga kwalba take.

Sana'ar ta sha wuya a shekarun nan, wannan ba abin zolaya ba ne. A farkon 2020 da hukuma ta hana hawa babur a sassa da yawa na jihar Tilaberi saboda tsaro, babura suka kwanta a ɗaki, man ya bushe a cikinsu ya zama ƙaro ya toshe kowace huda. Injin ban ruwa da janareto ne suka riƙe masu gyara da yawa, su ma dai maƙogwaron nan ne da ƙoƙonsa.

Saura ku masu sababbin motoci da kwamfuta ke auna wa mai. Ta fi tattali, ta fi tsabtar hayaƙi, tana gyara haɗinta da kanta ko zafi ko sanyi, duk na sa hannu. Sai dai ranar da ƴar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kunna muku a bayan Sanam, ku hura mata baki mu gani. In Allah ya kawo zaman lafiya hanya ta yi daɗi, ku zo da taku, ni in aro tsohuwar awaki da tukunyarta, mu tashi daga Filinge cikin hunturu. Wanda aka jawo da igiya shi zai sayi cuku a Tukunus, kuma ku sani ba na cin ɗaya.