Baƙin Allo Ba Ya Gaisuwa

Masu amfani da Linux akwai son wahalar da kai. Abin da kowa zai gama da danna maɓalli biyu, su sai sun buɗe baƙin allo sun rubuta umarni da hannu. Haɗa intanet na gida ma bai tsira ba.

Kamfani ya ja maka waya har falo, ya ba ka suna da kalmar sirri. Kana kan Debian, wani nau'in Linux, ka gyara zama, ka rubuta sudo pppoeconf. Allon ya nemi kalmar sirrinka, kana bugawa ko ɗigo ɗaya bai nuna ba, ya yi gum kamar suruka ta ga lefe bai cika ba. Can ya ce bai san wannan umarni ba. To, a sauko da manhajar mana. Daga ina? Daga intanet ɗin da kake fafutukar haɗawa. Bayanin gyaran ma yana can. Dole ka lallaɓa uwargida ta ara maka wayarta da datarta.

Da ƙyar aka haɗu, sai gwaji: ping 8.8.8.8, wata lambar Google. Amsa ta fara zubowa layi-layi, kowace daƙiƙa, ba ta da niyyar tsayawa sai ka danna Ctrl+C. Kana washe baki, yara suka buɗe YouTube, shiru. Lamba na wucewa, sunan shafi ba ya wucewa, don ba a nuna wa kwamfutar DNS ba, wato wanda za ta riƙa tambaya ya mayar mata da suna lamba.

Uwargida ta leƙo. "Malam, an gama ne, ko in karɓi wayata?"

Ka buɗe baki ke nan za ka yi bayani, aka ɗauke wuta.