A Bar wa Fartanya Lambun Tsakar Gida

Ni dai matsayina a bayyane yake: duk magidancin da aka gani ya goya famfon feshi ya nufi lambun tsakar gida, a tare shi tun daga zaure. Ba mugu ba ne, bawan Allah, ciyawar bakin katanga ce ta dame shi. Amma a gefen ciyawar nan akwai zogale da lalle da 'yan tumatir, ga furannin da uwargida ta dasa a gwangwanin fenti tana ba su ruwa safe da yamma, kuma maganin da ke bayansa bai san waɗannan 'yan gida ne ba. Glyphosate, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa da sunan Roundup a 1974, aikinsa shi ne toshe wata hanya da tsiro ke bi wajen haɗa sinadaran gina jikinsa. Hanyar nan tana cikin ƙaya, tana cikin fure. Ya sauka a kan ganye, ya bi jijiya har saiwa, bai tambayi wanda ya shuka ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne jinkirinsa. Ranar feshi komai kore shar, maigida ya wanke hannu ya zauna yana yabon kansa. Sai bayan mako ɗaya ko biyu sababbin ganyaye su soma yin rawaya, lokacin kuwa ya manta da zancen. Nan ake buɗe kotu. A kira yaron da ke ban ruwa a ce ya cika ruwa, a zargi akuya, a tuna maƙwabciyar da ta shigo ta ce "kai, furannin nan sun yi kyau" ba ta ƙara da tubarkalla ba. Wa ke jagorantar binciken? Mai laifin, hannu a baya, yana girgiza kai yana cewa, "Hajiya, ai na faɗa miki ƙasar nan ba ta karɓar fure." Gara ma paraquat, shi ba ya rufa wa kowa asiri: cikin kwana ɗaya zuwa biyu duk inda ɗigo ya faɗa ya ƙone, shari'a ta ƙare.

Za a ce mini ai mai hankali ba ya haka, yana kwantar da bakin famfo ƙasa, yana jiran iska ta lafa. Na ji. Sai dai wasu magungunan, irin su 2,4-D da dicamba, suna iya tashi su zama tururi in rana ta yi zafi, su bi iska bayan mai feshin ya tafi masallaci, ga tumatir kuma ba ya jure ko ƙanshinsu, sai ka ga ganyensa ya nannaɗe ya murɗe. A 2017 a Amurka an ƙiyasta dicamba ya illata waken suya kimanin eka miliyan 3.6, har jihohin Arkansas da Missouri suka dakatar da sayar da shi na wani lokaci. Waɗannan fa manoma ne masu manyan injuna da na'urar auna iska. To ina ga mutumin da in bakin famfonsa ya toshe sai ya zaro tsinken tsintsiya ya zokale, ya kuma auna magani da murfin kwalba, "ɗan ƙara kaɗan don ya kama sosai"?

Wani zai ce yana wanke famfonsa. Wane famfo? Guda ɗaya ne ke yawo a layin kamar tukunyar biki, jiya an kashe ciyawa da shi a gidan ƙarshe, yau an aro don ƙwarin tumatir, an ɗauraye sau ɗaya an ce ya fita. Ragowar da ta maƙale a tiyo ta isa. A nan zan ɗan daina raha: juye maganin a robar lemo da ake yi ya wuce asarar fure, domin paraquat ba shi da makari idan yaro ya kurɓa.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ciwon baya. Mai gonar kadada biyar da kuɗin 'yan ƙwadago ya gagare shi, ba ni da bakin hana shi feshi. Amma lambun da ake magana bai wuce tabarma uku ba, kafin a haɗa magani a goya famfo, da fartanya ta gama. Masu gardama kan kawo abin da ya faru a Ingila a 2008, inda masu ƙananan lambuna da ba su fesa komai ba suka ga dankali da wake da tumatir sun lalace, ashe aminopyralid ne da aka fesa a makiyaya, dabbobi suka ci ciyawar, ya fito a taki da ƙarfinsa. Wai tunda ba a tsira ba, a yi ta feshi kawai. Ni kuwa akasin haka na fahimta: maganin da ya ratsa cikin saniya ya fito bai gaji ba, ba katangar bulo shida ce za ta tsare shi ba. Maigida, ka kai famfon gona, ka tambayi mai taki abin da shanunsa suka ci, fartanya kuma tana nan bayan rumbu inda ka ajiye ta.