Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baba FAT32

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa daga masu tura waƙa da fim a kasuwar Arlit, da fatan ƙurar garin nan ba ta dame ka ba. Mun san tun 1996 Microsoft ta ɗora ka kan aiki. Kamfanin Cominak, da ya girme ka nesa ba kusa ba, ya rufe ramin haƙar ma'adinai na Akouta a watan Maris na 2021, kai kuwa ko zancen ajiye aiki ba ka taɓa yi ba.

Baba, mene ne tsakaninka da giga 4? Mutum ya zo da filash mai giga 32, babu komai a ciki, yana son bidiyon auren ƙanwarsa mai giga 6. Mu tura, ka ce ya yi girma. Gida fanko, ƙofa kuma ba ta wuce ɗan akuya! Mai kaya ba zai yarda laifinka ne ba. Mu zai harara, ya ce mun ci kuɗinsa. Dole mu datsa bidiyon biyu, kuma ko ta yaya aka yanka, sai ya faɗo daidai lokacin da amarya ke fitowa.

Ba wai ba mu nemi wasu ba. Ƙanenka exFAT, ɗan 2006, yana ɗaukar kowane irin kaya, da shi ma manyan memori da suka haura giga 32 suke zuwa daga kamfani. Amma a soka shi a tsohuwar rediyon mota a gani: shiru. Direban da zai yi kilomita sama da 200 zuwa Agadez kan wannan fasasshiyar kwalta, babu waƙar Bombino babu wa'azi, ba zai yafe mana ba. NTFS kuma ɗan ofis ne mai ji da kai. A Windows sarki ne, kwamfutar Apple ta karanta shi amma ta ƙi rubuta masa ko harafi, wayoyi da yawa kuwa ko sallamarsa ba sa amsawa. Sai mu dawo gare ka, don kai kaɗai ne kowace rediyo da talabijin suka sani.

Sai halinka na fushi. Wuta ta ɗauke ana cikin turi, ko yaro ya fizge filash bai sallame shi ba, washegari kwamfuta ta ce a yi fomatin. Mai kaya ya danna "to", hotunan shekaru su ɓace. Mun dai gano fomatin na gaggawa rajistar kaya kawai yake sharewa, idan ba a zuba sabon abu a kai ba ana iya ceto su. Masu kayan kuwa kan zo mana bayan sun cika filash ɗin da finafinan Indiya.

Roƙonmu: ko ka faɗaɗa ƙofa, ko ka gabatar da exFAT ga rediyoyin tasha kafin ka tafi.

Naka masu biyayya,
Masu turi na kasuwar Arlit