Jiragen Yaƙin Cikin Kwali da Dattawan da Ke Gadinsu

Haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Ingila, Amurka, Jamus da Japan. Ana sayen jirgin a wargaje cikin kwali, a liƙe sassansa da gam, a shafa masa fenti, a ɗora shi a kan kanta. Ba ya tashi, ba ya gudu, ba ya ko ƙara. Iyakar aikinsa bayan an kammala shi, tara ƙura. Domin 'yan makaranta aka ƙirƙiro abin, amma yau mafi yawan masu yinsa maza ne masu furfura da tabarau. Reshen da ya fi daraja a wurinsu kuwa shi ne na tsofaffin kwalaye, waɗanda aka yi daga shekarun 1950 zuwa na 1970, zamanin da su kansu suke yawo da gajeren wando.

Asali

Kamfanin FROG na Ingila ne ya fara sayar da jiragen roba na haɗawa a 1936, amma wanda ya shigar da abin kowane gida shi ne Airfix. Wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa shi a Landan a 1939, ya fara da kayan wasan da ake hura wa iska, daga baya ya koma yin mataji na roba. A 1952 kamfanin ya fitar da ƙaramin jirgin ruwa mai suna Golden Hind, ana sayar da shi sule biyu a kantunan Woolworths, cikin leda mai ɗan kati a baki. A 1953 jirgin yaƙi na Spitfire ya biyo baya, kuma tun daga ranar kuɗin kashewar yaran Ingila ya san inda zai dosa. Ikon Allah, kamfanin da ya yi arziki da mataji yau yawancin abokan cinikinsa ba su da sauran abin tajewa.

Amurka ta fito da Revell, Monogram da Aurora, Faransa ta fito da Heller, Japan kuma da Tamiya da Hasegawa, dukansu biyun a lardin Shizuoka. A shekarun 1970 Matchbox ya shigo da roba mai launi biyu ko uku, domin yaron da ba shi da kuɗin fenti, da layukan jikin jirgi masu zurfin da har yau ake yi musu ba'a cewa da garma aka tsaga su. Daga nan kasuwa ta fara ja da baya. FROG ya rufe a 1976, aka sayar wa Tarayyar Sobiyet ƙarafan da ake zuba narkakkiyar roba a cikinsu, suka ci gaba da fitowa da sunan Novo. Sai dai Sobiyet ba ta karɓi na jiragen Jamus ba, Revell ne ya kwashe su, domin ko a roba ba ta yafe Yaƙin Duniya na Biyu ba. Airfix ya karye a 1981, ya yi ta sauya hannu har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006. A 2018 Airfix ya sake fitar da tsofaffin jiragensa da tsohon zubinsu da tsohon zanen kwalinsu. Dattawan da suka shekara hamsin suna ƙorafin cewa sassan ba sa haɗuwa daidai suka yi layi suka saya, suka tarar har yanzu ba sa haɗuwa, hankalinsu ya kwanta.

Ma'auni

Kowane jirgi ana ƙanƙanta shi ne bisa ma'auni. Mafi shahara shi ne 1/72, wato inci ɗaya a kan tebur yana wakiltar ƙafa shida a filin jirgi. Spitfire na gaske faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11, a wannan ma'auni kuwa bai kai santimita 16 ba. Akwai 1/48 da 1/32, akwai kuma 1/24, wanda Airfix ya fara da Spitfire a 1970. A ƙa'ida mutum yana zaɓen ma'auni ne gwargwadon faɗin ɗakinsa. A aikace idonsa ne ke zaɓa masa: yana farawa da 1/72 yana yaro, ya koma 1/48 ranar da likita ya rubuta masa tabarau, ya ƙare a 1/24 yana shaida wa jama'a cewa ƙananan ba su da cikakken fasali. A 2009 mai gabatar da shirin talabijin James May ya kai maganar ƙarshenta, ya tara 'yan makaranta suka haɗa Spitfire mai girman na gaske a gidan tarihin sojan sama da ke Cosford.

Hanyoyin haɗawa

Hanya biyu ce, ta yara da ta manya. Ta yara yammacin Asabar ɗaya take ci. Yaro yakan murɗe sassan daga jikin firam da hannu, ya matsa gam har ya tsiyayo ta gefe, ya manna gilashin matuƙi ya bar masa tambarin babban yatsa har abada. Farfelar da takardar umarni ta ce kada a sa mata gam ita ce ke fara shan gam. Kafin magariba an liƙa sitika a kan robar da ba ta ga fenti ba, an rataye jirgin da zare a silin. Bayan 'yan watanni a sauko da shi a harbe shi da bindigar iska a bayan gida, ko a cusa masa abin fashewa na wasan wuta. Jiragen Jamus sun fi gamuwa da wannan ƙaddara.

Hanyar manya kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Ana farawa da mazaunin matuƙi, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Dattijo zai ɗaura gilashin ƙara girma a goshi, ya ɗauki buroshi mai silin gashi kaɗan, ya kwana bakwai yana fenta bel ɗin kujera da agogunan gaban matuƙi, har da ɗigon ja a kan wani maɓalli. Sannan ya haɗe ɓarin jirgin biyu, duk aikin ya shige duhu, ba mai sake ganinsa sai ranar da jirgin ya faɗo ya fashe. In aka tambaye shi amfanin wahalar, amsarsa ita ce shi dai ya san yana ciki.

Tsohon kwali yana da nasa jarabobin. Robar kan zo da ɓalli-ɓalli a gefe, sai an kankare da reza. Tsakanin fiffike da gangar jiki akwai rami da sai an cike shi da ƙullin cikewa an goge da samfefa, kuma garin neman gira akan rasa ido, domin gugar tana tafiya da layukan jikin jirgin, sai an sake tsaga su ɗaya bayan ɗaya. Sitikar da ta shekara hamsin takan yi rawaya, maganinta a manna ta a gilashin taga rana ta dake ta na makonni. Bayan wannan jinya, da an tsoma ta a ruwa sai ta tarwatse. Jirgin da ke da taya a hanci kuwa sai an ɓoye masa dalma a gaba, in ba haka ba ya zauna a kan jelarsa. Yawanci ana tuna wannan ne bayan gam ya bushe.

Babban abokin gaba shi ne abin da suke kira dodon kafet. Ana ɗaukar ɗan ƙaramin sashe da hantsaki, a ji ƙas, ya yi tsalle ya ɓace. Daga nan sai a ga tsohon akanta ko tsohon injiniya a durƙushe yana rarrafe da tocila, kuncinsa a ƙasa, yana hana kowa shiga ɗakin. Sashen ba ya bayyana sai an sassaƙa madadinsa an manna an fenta, kuma tafin ƙafar da ba takalmi ne ke gano shi.

Rabe-raben masu sha'awar

Na farko shi ne mai komowa, wanda ya bar abin yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya dawo bayan 'ya'yansa sun bar gida. Yakan ce jikansa yake saya wa, amma jikan bai taɓa samun izinin taɓa ko murfin kwalin ba.

Na biyu mai farawa. Yana da kanta guda ta jirage marasa fiffike ɗaya, kowanne an tsaya da shi a daidai inda aikin ya daina daɗi.

Na uku mai ƙirga ƙusa. Shi ne zai sa ma'auni a jikin jirgin wani, ya sanar da cewa hancin ya gaza da milimita ɗaya, kuma irin wannan farfela ba a fara sa ta ba sai bayan watan da lambar jirgin ke nunawa. Ba kasafai ake ganin jirgin da shi ya gama ba, saboda har yanzu ba a yi wanda ya cancanci gam ɗinsa ba.

Na huɗu mai gadin kwali. A wurinsa buɗe ledar ciki ɓarna ce, domin da an yage ta daraja ta faɗi. Abin da yake saye shi ne zanen murfi, musamman na Roy Cross, wanda ya yi wa Airfix zane daga 1964 zuwa 1974: jirgi na ratsa hayaƙi, injin ɗaya na ci da wuta, abokin gaba na rikitowa. Daga baya an goge wuta da fashewar bam daga wasu zanen don kada a tsorata iyaye, sai farashin masu wutar ya tashi. Kwalayensa kamar kwanonin jeren amarya suke, an yi su domin abinci, amma wanda ya zuba miya a ciki ya ja wa kansa magana.

Dukansu sun haɗu a abu ɗaya, tari. Mutumin da ke gama jirgi uku a shekara yana iya mallakar kwali 300, wato aikin shekara 100, kuma hakan ba ya hana shi sayen na 301 in ya ga rangwame. A Ingila, inda ake jibge su a ƙarƙashin rufi, masu abin kan ce ai maganin sanyi suke yi wa gidan.

Yaƙin launi

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, amma gardamar launin jiragensa tana nan. Ma'aikatar jiragen saman Jamus ta ba wa fentinta lambobi, kuma lamba 83 ta raba abokai: shekara da shekaru an ɗauka kore ne, daga baya wasu masu bincike suka fito da takardun da ke nuna shuɗi ne mai duhu. Jirgin Zero na Japan an daɗe ana fenta shi fari-fari mai toka, sai nazarin ɓaraguzai ya nuna launin ya fi karkata ga toka mai ratsin kore da ruwan zuma. Launin da sojan saman Birtaniya ya fara shafa wa ƙasan jiragensa a 1940 ma har yau ba a daidaita a kansa ba. Yawancin hujjojin kuwa hotuna ne marasa launi, inda za a ga mutum biyu sun sa hoton baƙi da fari a gaba suna rantsuwa a kan irin koren da ke ciki.

Bayan an sha wannan wahala an samo launin daidai, sai a shiga ɓata shi. Ana zana tsatsa, baƙin hayaƙi, ɗigon mai da kojewar fenti, har jirgin ya yi kamar ya shekara ashirin a bola, alhali da yawa daga na gasken ba su yi tsawon ran da za su tsufa haka ba. Mutumin da in tsuntsu ya ɓata masa mota ba ya barci, shi ne ke sayen laka ta kwalba da kuɗinsa.

Zaman gida da kasuwa

Sha'awar ta haifar da dabarun zaman aure na musamman. Akwai aika saƙo zuwa ofis maimakon gida, akwai barin kwali a but ɗin mota sai dare ya raba, akwai kuma rantsuwar cewa wannan ai ya daɗe a gidan. Kowane kwali farashi biyu gare shi, wanda aka biya da wanda aka faɗa wa uwargida. Sananniyar raha a tsakaninsu ita ce babban abin tsoro ba mutuwa ba ne, a'a, uwargida ta sayar da tarin a farashin da aka gaya mata. Ita kuwa, sau da yawa ta san komai, ta dai lura cewa mijin da ke rarrafe a kafet ya fi wanda ba a san inda yake ba sauƙin sha'ani.

Ƙungiyarsu ta duniya, IPMS, an kafa ta a Ingila a 1963, kuma kowane Nuwamba reshen ƙasar na yin babban baje koli a garin Telford. A gasannin irin wannan taro alƙalai kan sunkuya suna leƙen ɗinkin da ba a goge ba da tayar da ta karkace, mai jirgin na tsaye daga nesa yana yi kamar ba nasa ba ne. Gefe guda kuma ga teburan 'yan kasuwa da tsofaffin kwalaye jibge. Mutum kan je da niyyar rage goma daga tarinsa, ya dawo da goma sha biyar, ciki har da irin wanda ya sayar da safe.

Wannan kasuwa ce ke bayyana dalilin da ya sa kwalayen da aka daina yi tun shekarun 1970 ba sa ƙarewa. Kaɗan ne daga cikinsu ake haɗawa. In mai tari ya rasu, magada kan kira dillali ya kwashe duka a farashi ɗaya, ya kai baje koli na gaba ko ya sa a gwanjon intanet. Wani dattijon ya gani, ya tuna ya taɓa haɗa irinsa yana ɗan shekara tara, ya biya ninkin-ba-ninkin sule biyun da aka sayar da shi a farko, ya kai gida ya ɗora a kan tarinsa, da niyyar haɗawa in ya sami lokaci.