Yadda Za Ka Rayu Bayan Giyar Akori-kurarka Ta Zube

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka riƙa duba man giya ba. Da kana dubawa, da ba ka tsaya karanta wannan ba, ni ma da ina dubawa, da ban zauna rubuta shi ba. Jirgi ɗaya ne ya kwaso mu. Dukanmu mun ji siririn kukan nan, kamar na sauro, yana tasowa daga ƙarƙashin kujera, muka miƙa hannu muka ƙara muryar rediyo. Ni wata huɗu na yi ina yi wa tawa magani da rediyo. Da kukan ya girma ya koma na injin markaɗe, sai na sayo sabuwar sifika.

Tawa ta cika ne ranar wata Laraba, tsakanin Bichi da Dawanau, da buhun gero goma sha biyar a bayanta. Masu ƙera ta sun ce tan ɗaya za ta ɗauka, amma su ba su san kuɗin mai ba. Na sa giya ta uku, ta tofo ta. Na mayar, ta sake tofowa. Na danne sandar da gwiwa kamar mai riƙe rago ranar Layya, sai na ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a turmi. Daga nan inji na ta ruri, mota kuma tana tsaye cak tana kallon Kano daga nesa.

Shawara ta 1: kada ka bari a ja ta da igiya. Wannan ita ce shawara ɗaya tak mai amfani a duk rubutun nan, don haka ka riƙe ta da kyau. Akori-kura da ƙafar baya take tafiya. Idan aka ja ta a firi, inji a kashe, tayoyin baya za su riƙa juya furofela, furofela ta juya sandar da ke cikin giyabos, alhali haƙoran da ke watsa mai ba sa motsi. Ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe a bushe. Ko dai a kwance furofela kafin a ja, ko a ɗora motar gaba ɗaya a kan babbar mota. Duk wannan bayani na same shi ne daga bakin bakanike, bayan wani mai tifa ya ja ni da igiya har cikin gari, na kuma yi masa godiya har da addu'a.

Shawara ta 2: ka kasa kunne ka ji da wane suna bakanike zai kira ka, domin nan farashin yake. Shekara shida yana ce mini Malam. Ranar da ya leƙa ƙarƙashin motar, ya kwance notin da ake tsiyaye mai, abin da ya ɗigo bai cika cokalin shayi uku ba, baƙi wuluk, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya murza a yatsa, ya kai hanci, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai sai haƙuri." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma nan take na san an kai dubu ɗari uku. Da aka sauke giyabos ɗin kuwa sai na ji "Ranka ya daɗe", na nemi benci na zauna.

Abin da ya faru, in ji shi, wata 'yar roba ce a gindin furofela ta tsufa ta fara yoyo. Man da ke ciki duka bai kai lita uku ba, ya yi ta ɗiga a ƙofar gidana, ni kuma ina zagin yaran unguwa wai sun zubar da baƙin mai. Da mai ya ƙare boris ya ƙone, shi ne kukan sauron. Da boris ya saki, sanduna suka karkace, haƙora suka daina haɗuwa daidai, shi ne injin markaɗen. Robar nan kuɗinta bai kai na kaza biyu ba.

To, sai maganar da na fi tsana a duniya: "Sai an buɗe an gani." Kai ma ka ji ta, na sani. Magana ce mai kama da gaskiya, kuma gaskiyar ce, shi ya sa ta fi ciwo. Amma ka lura, kafin a buɗe kana da mota marar lafiya, kana iya yin fushi ka kai ta wani gareji. Bayan an buɗe ba ka da mota, kana da daro biyu na ƙarafa da wani buhun siminti da aka shimfiɗa aka zube notuna a kai, akuya tana shinshinawa. Ina za ka kai daro? Wane bakanike ne zai karɓi aikin da wani ya wargaza? Daga wannan rana kai ba mai mota ba ne, ɗan ziyara ne. Kullum da safe ka zo ka gaishe ta kamar mai jinya a asibiti, ka tarar an shanya wando a madubinta, yaran gareji sun mayar da bayanta ɗakin barcin rana, maigidansu kuma "yanzun nan ya fita". Sati shida, ban taɓa zuwa na ji an ce ya daɗe da fita ba. Kullum yanzun nan ne.

Shawara ta 3: ka kula da bakinka a gaban manya. Na je gaida surukina, ya ce, "Yaro, na ga ka rame, lafiya?" Na sunkuyar da kai na ce, "Wallahi Baba, giya ce ta cinye mini kuɗi kaf." Tsohon nan ya ajiye carbinsa a hankali. Na ga abin zai ɓaci, na yi sauri na gyara: "Ba laifina ba ne, Baba, tun da na fara harkar mota nake fama da ita." Sai da aka kira uwargida a waya ta yi rantsuwa kafin aka kawo mini ruwa. Ka ce giyabos. Ka faɗe shi a cike, harafi bayan harafi.

Shawara ta 4: ka zaɓa tsakanin gyara da Baljiyam. Wato ko a sayo haƙora da boris ɗai-ɗai a harhaɗa tsohon, ko a sayo wani giyabos ɗin da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai. Ba ruwan sunan da ƙasar da ya fito, ko daga Jamus yake Baljiyam ne. Idan ka ce a gyara, za a ce maka sabbin kayan yanzu ba su da ƙarko. Idan ka ce a sayo, za a ce maka Baljiyam sa'a ce, kamar kankana, sai an yanka. Duk wanda ka zaɓa, mutanen majalisa za su tabbatar maka ɗayan ne daidai.

Majalisa kuwa, Allah ya shirye su. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba zai gyara zama ya ce maka ai da ka ji kukan farko da ka tsaya. Wani dattijo ya kwashe mu da labarin Fijo 504 ta mahaifinsa, 'yar Kaduna, daga kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a 1975, wai ita da sifana biyu da guduma ake sauke giyarta a gindin darbejiya a mayar kafin La'asar. Na yarda, amma me zan yi da wannan labari? Akwai kuma dillalin da ya sayar mini da motar, wanda a lokacin ciniki ya ce mini jinin motocin nan ce da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Gaddafi da su a 1987. Gaskiya ne an yi haka, har ana kiran abin Yaƙin Toyota, sai dai tawa ko kamfaninsu ba ɗaya ba ne. Da na tuna masa, cewa ya yi, "Alhaji, su ai suna zuba mai."

Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na taya giyabos, na fito ina salati. Na buga waya Ladipo a Legas, aka gaya mini abin da ya fi haka. Kowa ka tambaya amsa ɗaya ce: dala. A nan ne raha ta ƙare mini, ban ɓoye maka ba. Na san a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Na san an cire tallafin mai, kuɗin dakon kaya ya ninka. Mai shago bai yi ƙarya ba, in ya sayar a tsohon farashi ba zai iya sayo wani ba. Amma ni da gero nake yi wa dako, wa zan ce wa dala? Manomin da ya ba ni kaya ba ya biyana da dala. Motar nan ita ce cefane, ita ce kuɗin makarantar yara, kuma kowace rana tana tsaye a gareji akwai wani da ya karɓe mini kwastoma a tasha, ba kuma zai dawo da shi ba don giyata ta warke. Giyabos ɗin da ya shekara uku yana shan ƙura a kan kanta ya fi ni samun ƙarin albashi.

Ina muka tsaya? Ta biyar ko ta shida, oho. Kada ka sayi kaya ta waya daga mutumin da wani ya ce wani ya san shi. Na tura naira 420,000, rabinta kuɗin tumakin uwargida ne, aka ɗoro mini a motar dare. Ya iso fes, an wanke shi da fetur yana walƙiya. Aka ɗaga shi mutum huɗu, aka kai bakin inji, ya ƙi shiga. Ashe na mai jan ƙafa huɗu ne, tawa kuwa biyu take ja. Mai kayan ya ce ba a mayarwa, sai dai musanya, in cika dubu sittin, in kuma biya dako zuwa da dawowa. An sayar da kare an sayi biri.

Na biyun ya shiga. Kafin a ɗaura sai bakanike ya matso kusa da ni, ya sassauta murya: "Ranka ya daɗe, tunda an riga an sauke..." Ka ji tsoron wannan jimla fiye da ta farko. Tunda an riga an sauke, a canja farantin kulochi. Tunda an canja faranti, ba a haɗa sabo da tsohon murfi. Tunda an taɓa murfi, ga boris ɗin kulochi nan shi ma ya fara magana. Abin haushin shi ne yana da gaskiya, domin in ba a canja yanzu ba, wata uku masu zuwa sai an sake sauke komai a sake biyan kuɗin aiki. Na so a ce ƙarya yake yi, in samu wanda zan yi wa ihu.

Shawara ta gaba ita ce yadda za ka gaya wa uwargida cewa ragowar tumakin ma... a'a, bar wannan. Ban gano ba tukuna.

Motar ta fito makon jiya. Tana shiga ta ɗaya har zuwa ta biyar lafiya lau. Ribas ce sai an lallaɓa ta, an taka kulochi sau biyu an yi bisimilla, don haka yanzu ina ajiye ta inda hancinta ke kallon titi. Rediyon kuma ban same shi a mazauninsa ba, ba wanda ya gani, sai rami da wayoyi huɗu suna lilo, saboda haka duk wani ƙis da ta yi ina jinsa har cikin haƙorina. Shekaranjiya da Magariba yaron gareji ya yi sallama a ƙofar gida, ya miƙo mini baƙar leda. Na buɗe, notuna ne guda uku, manya, masu maiƙo.

"Baba, Oga ya ce a kawo maka. Wai ragowa ne."